Haƙƙin Gari a Kan Baƙo: Tasalonika da Ƴan Yawon Buɗe Ido

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Maganar uzuri ce aka yi wa wanda ya iso yau, don kada a tuhume shi idan bai san hanyar rijiya ba, ko ya nufi ƙofar da ba a shiga. To amma an yanka uzurin ne daidai wuyan baƙon dā, wato falke da almajiri da mahajjacin ƙasa, waɗanda larura ke ratsawa da su ta garin mutane. Zamani ya haifi wani baƙo dabam, wanda ke biyan kuɗin jirgi da na otel takanas domin ya je ya gani. Sunan da aka ba shi, ɗan yawon buɗe ido, shi kansa alkawari ne. Idan mai wannan suna ya ci, ya sha, ya ɗauki hotuna, ya koma gida bai san a kan me ya taka ba, shin karin maganar nan za ta wanke shi?

Garuruwa kaɗan ne ke ɗora wa wannan tambaya nauyi kamar Tasalonika, birni na biyu a ƙasar Girka, mai babbar tashar jiragen ruwa a arewacin ƙasar. Sarki Kasanda ne ya kafa ta wajen shekara 315 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raɗa mata sunan matarsa, ƙanwar Iskandar Mai Girma uba ɗaya. Gari ne mai daɗin zama. Da la'asar sakaliya jama'a kan fito shan iska a gaɓar teku, idan sama ta washe har a hango Dutsen Olimfos a ƙetare. Da safe akwai kuluri, burodi mai siffar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, da kuma bugatsa, wadda ake yi da kwaɓin fulawa mai shara-shara, a cusa mata cuku ko haɗin madara mai zaƙi. Da dare unguwar Ladadika, inda dā ake ajiyar man zaitun, kan cika da ƙamshin gasasshen kifi da amon kiɗa. A 1988 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin majami'un garin cikin kayan gadon duniya, a 2021 kuma ta karrama shi saboda girkinsa.

Sai dai kusan duk abin da baƙo zai yaba a nan yana da mai shi wanda ba ya nan. Farar Hasumiya, wadda hotonta ke kan kowace tsarabar garin, Turkawa ne suka gina ta bayan Sarki Murad na Biyu ya ci birnin a 1430. Kurkuku ce da wurin kisa, har ana kiranta Hasumiyar Jini, kafin a shafe ta da farar ƙasa a ƙarshen ƙarni na 19 a sauya mata suna. Farin ma ya daɗe da zubewa, sunan ne ya tsaya. Ƙidayar 1913, shekara guda bayan sojojin Girka sun karɓi garin, ta samu mutum wajen 158,000, daga cikinsu Yahudawa sun kai 61,000, Musulmi wajen 46,000, Girkawa kuwa kimanin 40,000. Yahudawan nan galibi jikokin waɗanda aka koro ne daga Ispaniya a 1492, kuma yawansu cikin ƴan dako ya sa tashar jiragen ruwa kan tsaya cik ranar Asabar. Musulmin sun tafi bayan yarjejeniyar Lozan ta 1923, lokacin da Girka da Turkiyya suka yi musanyar jama'a bisa addini, ba tare da an tambayi kowa harshen da yake mafarki da shi ba. Aka rushe hasumiyoyin masallatansu, saura guda da ke tsaye har yau a jikin Rotonda. Yahudawan kuwa, daga 15 ga Maris 1943 ƴan Nazi suka riƙa loda su cikin taragun jirgin ƙasa, fiye da mutum 45,000, mafi yawa zuwa Awshwits. Cikin ɗari, waɗanda suka tsira ba su kai biyar ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne maƙabartarsu. Kaburbura sama da 300,000 ne, wasu sun haura shekara ɗari huɗu. A watan Disamba 1942, ƙarƙashin mamayar Jamus amma da hannun hukumomin garin, aka baje ta, aka kwashi duwatsun kaburburan aka yi gini da daɓen hanya da su. A kan filin ne harabar Jami'ar Aristotal take a yau, kuma sai a 2014 aka kafa alamar tunawa a wurin. Dandalin Ƴanci, inda aka tara maza Yahudawa wajen 9,000 cikin zafin rana ana wulaƙanta su ranar 11 ga Yuli 1942, ya shafe shekaru masu yawa yana wurin ajiye motoci.

Akwai mai cewa duk wannan ba ruwan baƙo, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Wane gari ne ba a kan ƙasusuwa aka gina shi ba? Idan sai an yi makoki kafin a ci abinci, ashe babu inda za a ɗaga loma a duniya. Ban da haka, mutanen Tasalonika na yau da yawansu jikokin ƴan gudun hijira ne, Kiristocin da aka tumɓuke daga Izmir da gaɓar Baƙin Teku, suka iso da ƙullin kaya da miki a zuci. Bugatsar nan ma su suka yaɗa ta a garin. Mai gidan abincin da ya tsallake matsin tattalin arzikin da ya turnuƙe Girka tun 2010 yana bukatar mai ci ya biya, ba shi da bukatar mai zuwa da murtukakkiyar fuska ya tuhume shi da laifin kakan wani. Gaskiya ne. Baƙon da ya maida kansa alƙali a garin da ya kwana uku ya fi makahon ban haushi.

Amma hujjar ta amsa abin da ba a tambaya ba. Tsakanin makoki da halin ko-in-kula akwai wani abu da duk mai tarbiyya ya sani, shi ne sallama. Wanda aka kawo wa tuwo a gidan mutane yakan tambayi lafiyar masu gida, idan kuma ya ji an yi rashi, ya yi gaisuwa, sannan ya ci tuwonsa har ya side hannu. Ba wanda zai ce gaisuwar ta rage masa daɗin miya. Wanda za a zarga shi ne mai ganin tabarmar zaman makoki a zaure, ya tsallake ta ya tambayi inda kwano yake. Ɗan yawon buɗe ido ba ya ɗauke da alhakin abin da ya faru a 1943, amma kuɗinsa na da tasiri a kan abin da gari zai tuna. Abin da baƙi ke tambaya shi ake rubutawa a allon bango, shi ɗan jagora ke haddacewa. Idan shekara da shekaru babu mai tambayar wane ne Eli Modiyano, Bayahuden da ya zana kasuwar da ake ta yabon kifinta, to kasuwar za ta ci gaba da amsa sunansa alhali an manta da mutumin.

Tarihin garin na kusa ya gwada haka. Yanis Butaris, magajin gari daga 2011 zuwa 2019, ya fito fili ya nemi Turkawa su zo su ga gidan da aka haifi Mustafa Kamal Ataturk a 1881, ya nemi Yahudawa su zo su ga garin kakanninsu, ya kuma maƙala rawayan tauraro a ƙirjinsa ranar rantsar da shi a 2014. Bai ɓoye cewa yana neman wa gari kuɗin shiga ba. Wasu suka ce ya maida hawaye haja, wasu masu tsananin kishin ƙasa kuma suka lakaɗa masa duka a bainar jama'a a watan Mayu 2018, yana ɗan shekara 75. Zargin na farko abin dubawa ne, domin tunawar da riba ta haifa tana iya mutuwa ranar da riba ta ƙare. Duk da haka, shekara saba'in na shiru ba su haifar da ko allo guda a harabar jami'ar ba. Niyya tsakanin mutum da Mahaliccinsa take. Abin da ido ya gani shi ne sunayen da aka binne sun fara fitowa a lokacin da baƙi suka fara tambaya.

Mai zuwa daga Afirka ta Yamma kuwa, baƙuntarsa a Tasalonika ba ta kai yadda yake zato ba. A arewa da tsakiyar gari akwai maƙabartar Zeitanlik, inda aka binne sojojin ƙawance wajen 20,000 da suka mutu a fagen Makidoniya lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A sashen Faransa akwai kaburbura fiye da dubu na sojojin da ake kira Senegalawa, laƙabin da Faransa ta ba duk baƙaƙen fatar da ta ɗebo daga ƙasashen da ta mallaka a yankin, ko daga wane gari suka fito. Sabiyawa na zuwa ziyarar nasu mamatan ƙungiya-ƙungiya, da furanni da kyandir. Daga teburan Ladadika zuwa wurin tafiyar ƴan mintuna ce a mota, kuma ƙofar a buɗe take.