KOYA WA MAI GADI DABARUN ƁARAWO: INA HUKUNCI?

Ya ƴan'uwa Musulmi, wata tambaya ta taso daga iyayen Korgom da ƙasar Tasawa waɗanda ƴaƴansu ke karatun kwamfuta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi ko a Yamai. Sun ji cewa mai koyon tsaron na'ura sai ya san yadda ake fasa ta. Shin wannan ilimi ne, ko renon ɓarayi?

Fargabarsu tana da asali. Mazhabar Imamu Malik ta yi fice wajen toshe kafar ɓarna, shi ya sa malamanmu suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Tarihi ma ya ba da shaida: a shekarar 1988 Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata manhaja da ta gurgunta dubban kwamfutoci, kuma kotu ta kama shi da laifi a 1990.

Sai dai mu dubi ɗaya gefen. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, ya kasance yana tambayar Annabi (SAW) game da sharri don tsoron kada ya riske shi, kuma ba a hana shi ba. An umurci Zaidu ɗan Sabit da koyon rubutun Yahudawa domin kada wasiƙun Manzo su dogara ga wanda ba a amince da shi ba. A ƙarni na 9, Alkindi ya rubuta risala a Bagadaza kan warware rubutun sirri ta ƙirga haruffan da suka fi maimaituwa. Maƙerin da bai san inda kwado ke karyewa ba, ba ya ƙera mai ƙarfi.

Buƙata kuwa ta iso ƙofarmu. Kuɗin da matasanmu ke turo wa iyaye daga Najeriya ko Aljeriya ta waya suke biyowa. A 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitoci a Ingila har aka ɗage ganin marasa lafiya. Al'ummar da ba ta da masu tsare mata dukiya da asiri ta bar farillar kifaya, zunubin kuwa a kan kowa yake.

Saboda haka muna ganin halaccinsa bisa sharuɗɗa uku. Na farko, izni: Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da sallama da yardarsa, kuma wayar mutum gidansa ce. A yi gwaji a na'urorin da aka keɓe domin darasi. Na biyu, amana: Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, don haka wanda ya gano ɓaraka ya sanar da mai na'ura, kada ya tallata ta, kada ya sayar. Na uku, malami ya haɗa fasaha da tarbiyya, ya sanar da ɗalibai cewa Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a 2019.

To, in ɗalibi ya ci amana daga baya fa? Malami ba ya ganin zuciya. Wanda ya ga alamar ha'inci a fili ya ci gaba da koyarwa, yana da kaso a laifin. Wanda ya kiyaye sharuɗɗa aka yaudare shi, laifi na mayaudarin ne.

Ku iyaye, kada ku janye ƴaƴanku. Ku tambaye su: da iznin wa ka buɗe? Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare mu daga cin amana. Amin.