Kujerar Jahun a Dutse Ba Gadon Kowa Ba Ce

Inna mai turara shinkafa, Yaya mai ƙuli-ƙuli, Malama da ke tsaye gaban allo tun safe a aji cike maƙil da yara, da ke ungozoma da ake buga wa ƙofa tsakar dare, yau da ku nake.

Kujera 30 ce a Majalisar Dokokin Jihar Jigawa. A zaɓen 2023 ko ɗaya mace ba ta hau ba. Alhali ku ne kuke fitowa a Aujara da Harbo da Gunka da goyo a baya, ku sha rana a layi, ku dangwala, ku koma gida da sabulu da taliya, shi ke nan sai bayan shekara huɗu. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kada wani ya ce muku majalisa wurin surutu ce kawai. Majalisa ce ke amincewa da kasafin kuɗin da gwamna zai kashe. A zauren nan na Dutse ake yanke nawa za a zuba a asibiti, nawa a makaranta, wace hanya za a yi, wace za a bari damina ta cinye. To ku dubi Babban Asibitin Jahun. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a cikinsa, tana karɓar haihuwa, tana yi wa masu yoyon fitsari aiki, mata na tahowa daga uwa duniya. Me ke kawo yoyon nan? Doguwar naƙuda. Kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Me ke tsawaita naƙudar? Babu mota, hanya ta yanke, asibitin ƙauye babu ma'aikaciya da dare, jinin da za a ƙara ya yi wuya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gurbinsa a takardar kasafi. Matar da ta kwana bakwai a kan tabarma tana jinyar 'yarta ta san wannan karatu fiye da duk wanda aka karanta wa rahoto a ofis mai sanyi. Ita ya kamata ta miƙe a zauren ta tambayi kwamishina ina kuɗin suka shiga.

Sharuɗɗan kuma ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulki abu huɗu ya nema: ki zama 'yar Nijeriya, ki kai shekara 25, ki yi karatu zuwa matakin sakandare ko daidai da shi, sannan wata jam'iyya ta tsayar da ke. A da sai mai shekara 30, amma a watan Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu aka rage. Da wannan dama Rukayat Shittu, Musulma 'yar shekara 26, ta ci kujerar Owode/Onire a Majalisar Kwara a 2023.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa malamai mata da ake kira jaji, suka bi ƙauyuka suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a zamanin NEPU don kawai ta ce macen Arewa ma ta yi zaɓe, ba ta kuwa ga hakan a zaɓen ƙasa ba sai 1979. Malam Aminu Kano, da yake shirin takarar 1983 kafin rasuwa ta riske shi, mace ya ɗauka mataimakiya. Su ba su ga ƙofa a buɗe ba, su suka ɓalle ta.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai ƙaya. Za a yi da ke a bakin rijiya da gidan biki. Za a ce wa mijinki ya sake miki da yawa. Daliget za su miƙo hannu, masu gidan rana za su zo da buhunan kuɗi. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirin ware wa mata kujeru, don haka kada ki zauna jiran a kawo miki a faranti. Amma ki tuna abin da ke hannunki. Ke da kika riƙe adashin mata arba'in shekara da shekaru ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba, wa zai koya miki riƙon amana? Ke da kike shiga kowane gida ranar suna, har ɗakin da ɗan takara namiji ba zai taɓa leƙawa ba, wa ya fi ki sanin inda ƙuri'a take kwana? Manyan jam'iyyu ma sun saba sassauta wa mata kuɗin fam. Idan majalisa ta yi nisa a wannan karo, fara da kansila, ko muƙamin jam'iyya a mazaɓarki.

Malam, Alhaji, ku ma kuna ciki. Manomin riɗi, ɗan acaɓa, mai gyaran waya a bakin kasuwa: 'yar da kuka sayar da amfanin gona kuka biya mata makaranta, idan ta ce za ta tsaya, ku raka ta. Ku zauna a sahun gaba ranar taronta, bakin masu gulma zai mutu.

Yaya, gobe in Allah ya kai mu, bayan an sauke tukunya, ɗauki mayafinki ki kira abokan adashinki biyar. Ku duba katin zaɓenku, ku nufi ofishin jam'iyyar da ranku ya kwanta da ita, ku ce a rubuta sunayenku a rajista.