Maki Shaida Ne, Malami Kuwa Mai Awo Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hori bayinSa da cika awo da tsayar da shaida. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, muna so mu yi nazari tare da ku a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a Takanamat da Tawa da sauran ƙasar Adar, wato yadda ake auna ilimin ƴaƴanmu a lakwal da madarsa, a ce wannan ya ci, wancan ya faɗi.

Shekaru da dama, yaron da ya kai aji na shida na firamare, wanda ake kira CM2, sai ya zauna jarrabawar sartifika ta ƙasa, wato CFEPD, ɗan madarsa kuma ya zauna takwararta CEPE-FA. Daga baya hukuma ta ɗauke wannan jarrabawa har kimanin shekara goma. A wannan tsakani, makin da yaro ya tara a gwaje-gwajen cikin shekara shi ne yake shigar da shi kwaleji. A shekarar 2024 aka mayar da jarrabawar. Tun daga nan mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa alhamdu lillahi, an dawo da tankaɗe da rairaya. Wasu na cewa zalunci ne a ɗaure wahalar shekara shida a wuyan yini guda ko biyu. To, wace hanya ce ta fi kusa da adalci?

Da farko mu sani cewa dukkan hanyoyin nan biyu magabatanmu sun san su. An ruwaito cewa Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, bai zauna ba da fatawa a Madina ba sai da malamai saba'in suka shaida cewa ya cancanta. Wannan shi ne awon wanda ya san ka, ya daɗe yana ganin karatunka da halinka. An kuma ruwaito cewa da Imamu Buhari ya isa Bagadaza, malaman garin sun shirya masa hadisai ɗari, suka sassauya isnadinsu da gangan, suka karanta masa. Da suka gama, ya mayar da kowane hadisi ga isnadinsa. Wannan shi ne awon baƙo, wanda ba ya jin kunyarka kuma ba ya bin ka bashin komai. A makarantar allo ma haka muka tashi muka tarar. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malaminsa karatun ba gargada, kuma wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, sai an baje rubutunsa gaban alarammomi sun bi shi harafi harafi.

Kowace hanya kuma tana da inda take rauni. Jarrabawar ƙasa tana zuwa ne wajen watan Yuni, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zafi ya tsananta, ruwan farko ya faɗi ana neman hannun kowa a gona don shuka. Yaron ƙauye yakan yi tafiya zuwa garin da aka sa cibiyar jarrabawa, ya kwana gidan da bai saba ba, wataƙila da zazzaɓi a jikinsa. Mai gyaran takardarsa bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Awon cikin aji kuwa, malami ya san yaron sarai, amma ya san ubansa ma. Sau da yawa malamin baƙo ne a ƙauyen, a gidan wani aka sauke shi, a kantin wani yake cin bashi idan kuɗin wata ya yi jinkiri. Idan mai gidan ko mai kantin ya zo da dare yana roƙon a duba masa yaronsa, ba ƙaramin imani ne zai hana alƙalami karkacewa ba. Ga kuma kunyar a ce makarantarsa ce ta zo baya wajen yawan waɗanda suka wuce.

Akwai abin lura a cikin binciken da ake kira PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ƙarshen firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake bukata a karatu ba. Waɗannan yara kuwa mafi yawan karatunsu sun yi shi ne a zamanin da sartifika take nan. A shekarar 2019 adadin ya kai kimanin uku cikin goma, har yanzu dai bakwai suna baya. A shekarar 2017 kuma, da ma'aikatar ilimin firamare ta gwada malaman kwantaragi, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, yawan awo ba ya ƙara hatsi a rumbu. Amfanin awo ɗaya ne, ya gaya wa mai gida gaskiyar abin da ya mallaka don ya san shirin da zai yi kafin kaka. Idan tiya ta yi ƙarya, mai gida zai kwana da murna ya tashi da yunwa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, mene ne hukuncin makin nan da malami yake rubutawa da jan alƙalami? A fahimtarmu, shaida ce. Malamin da ya rubuta 12 bisa 20 a takardar yaro yana shaida wa uban yaron, da malamin aji na gaba, da al'umma baki ɗaya, cewa wannan yaro ya san gwargwadon haka. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru saboda tausayinsa. Kuma sura guda ta Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe ne da narko a kan masu cika awo idan nasu ne, su tauye idan na wani ne. Mutanen Madyana da aka aiko wa Annabi Shu'aibu, tauye mudu yana cikin abin da ya halaka su. Idan wannan ne hukuncin mai tauye gero, yaya mai wasa da awon ilimi, wanda a kansa ake gina rayuwar mutum?

Wani zai ce, Malam, ai tausayi ne. Yaron maraya ne, ko ubansa ya tafi bida Abijan ko Libiya shekara biyu ba labari, saura maki ɗaya ya wuce, ina laifin a cika masa? Wannan magana tana da nauyi, kuma mai yin ta ba mugu ba ne. Amma a duba aya ta 135 ta Suratun Nisa'i. A can Allah Ya umurci muminai da tsayar da shaida ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu, sannan Ya ambaci mawadaci da matalauci tare, don kada tsoron wancan ko tausayin wannan ya karkatar da mai shaida. An ruwaito cewa an tambayi Aliyu ɗan Madini, malamin Buhari, game da matsayin mahaifinsa a ruwayar hadisi. Ya so a tambayi wani, da aka matsa masa sai ya sunkuyar da kai, sannan ya bayyana cewa mahaifin nasa mai rauni ne, domin al'amarin na addini ne.

Mai sayar da hatsi a kasuwa idan ya cika tiya ya ƙara gyara, daga buhunsa ya ɗiba, Allah Ya ba shi lada. Maki kuwa ba dukiyar malami ba ce balle ya yi kyauta da shi. Sa'annan mu bi yaron nan mu ga inda kyautar take kai shi. Ya shiga kwaleji bai iya karanta layi biyu ba, darussa sun yi yawa, malamai sun yi yawa, ba mai tsayawa kansa. Uwarsa ta sayar da akuya don littattafai da guzuri. Ya maimaita aji, daga baya a sallame shi, ya komo gida ya wuce shekarun koyon sana'a cikin sauƙi, yana ganin kansa daƙiƙi alhali ba a taɓa gaya masa gaskiya ba ne a lokacin da gyara take yiwuwa. Wurin tausayi yana gaban awo. Malamin da ya ga yaro yana baya tun watan Disamba, ya zaunar da shi bayan an tashi, ya kira waliyyinsa ya faɗa masa, wannan shi ne mai tausayi na gaskiya.

Tauyewa ma zalunci ce kamar ƙarawa. Malamin da ya rage wa yaro maki don sun saɓa da ubansa, ko don bai shiga darasin kuɗi na yamma ba, ko ya riƙe makin yarinya don wata manufa da kunya ta hana mu ambata, ya ci amana, kuma za a tsayar da shi a kanta. Haka mai gyaran takardun BEPC ko na bak da ya yi ta zuba maki cikin gaggawa bai karanta ba, don ya gama tarin da ke gabansa. Bayan kowace takarda akwai gida guda da ke jira.

Mu iyaye kuma, kada mu ɗora wa malamai laifin duka. Wane ne yake kai kuɗin? Wane ne yake saya wa yaro amsa ta wayar salula? Mutum ya zo masallaci ya roƙi a yi wa ɗansa addu'ar cin jarrabawa, ya fita ya nemi wanda zai saya masa ita. Addu'a alheri ce, amma an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya kuwa barrantar da mai algus daga tafarkinsa. Takardar shaida da ba ilimi a ƙarƙashinta ita ce wannan tsibi. Kuma algus ɗin kanmu yake komowa, domin mai takardar nan gobe shi ne zai yi wa matanmu allura a likita, shi ne zai tsaya gaban jikokinmu da alli a hannu.

Sai dai kuma kada mu ba maki matsayin da ba nasa ba. Yana auna karatu da lissafi na wani lokaci ƙayyadadde. Ba ya auna gaskiyar yaro, ko biyayyarsa, ko basirarsa ga kiwo da noma da ciniki, balle matsayinsa wurin Allah. Yaron da ya faɗi da guminsa ya fi wanda ya ci da sata daraja. Kada a zage shi, kada a yi masa baki, kada kuma a mai da faɗuwar yarinya hujjar cire ta daga karatu.

Nasiharmu a taƙaice ita ce, hukuma ta riƙe awo biyun tare, domin shaidu biyu sun fi ɗaya, kuma inda makin aji da na jarrabawa suka yi nisa da juna a bincika dalili. Malamai su rubuta abin da suka gani, su kuma ba yaro takardarsa ya ga kurensa. Iyaye su riƙa zuwa taron kwamitin makaranta, su kafa azuzuwan zana da wuri bayan girbi don kada watanni su salwanta, kuma ko uba bai yi boko ba, ya sa ɗansa ya karanta a gaban wanda ya iya, ya ji da kunnensa. Madarsoshinmu kuwa, da yake da sunan addini suke kira, su suka fi cancanta a sami tiyarsu daidai.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, Ya ba malamansu haƙuri da halal, Ya nauyaya ma'auninmu ranar da ba a tauye wa kowa ko ƙwayar zarra. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.