Ku Nemi Na'ura, Kwarin Rima Na Jiran Amsa

Ya ku malaman jami'a, ma'aikatan ɗakin gwaji, da ɗalibai masu bincike: kada tsadar kayan aiki ta kashe muku gwiwa. Tambayoyin da za su jawo muku tallafi suna nan shimfiɗe a fadamun Wurno, Raba da Goronyo.

Manomin albasa da tafarnuwa na son sanin abin da ke ƙona masa ganye. Mai shinkafa a Wurno na son a auna masa ƙasa kafin ya zuba kuɗinsa a taki. Mai ban-ruwa daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, na son jin ko gishiri na taruwa a gonarsa. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da na'urar auna sinadaran ƙasa da ruwa, da ta gano ƙwayoyin cuta, masu cin miliyoyin naira.

Mun ga abin da rashin kayan aiki ke jawowa. Ƙasusuwan wata dabbar ruwa ta zamanin da, waɗanda aka haƙo a duwatsun yankin nan, masanan Italiya ne suka nazarce su, suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Ƙasa tamu, bincike na wasu. Ya kamata na gaba ya fito daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato.

Ƙofofi kuwa a buɗe suke. Asusun TETFund, da aka kafa da dokar 2011, yana samun kuɗi daga harajin da ake cirewa a ribar kamfanoni, kuma yana da kason bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Haƙƙinku ne, ba bara ba ce. Ƙungiyar Seeding Labs ta Amurka tana tura kayan gwaji zuwa jami'o'in ƙasashe masu tasowa. Ku dubi Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero: gasa ta shiga, ta samu tallafin Bankin Duniya. Da takarda da naci suka samu.

Amma ku rubuta da dabara. Mai ba da tallafi ba na'ura yake saye ba, amfaninta yake saye. Ku faɗa masa manoman da za su amfana, da matsalar da za a warware. Sashen noma, na kimiyyar sinadarai da na likitan dabbobi su haɗa kai su nemi na'ura guda ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku sa kuɗin wutar sola, gyara, sinadaran aiki da horar da mai kula da ita a cikin kasafi, don kada ta ƙare a lulluɓe da leda. Ku sa shugaban jami'a ya rattaba hannu cewa zai ba da ɗaki da ma'aikaci. Ku nemi wasiƙar goyon baya daga ƙungiyoyin manoma da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Idan aka ƙi ku, ku karanta dalilin, ku gyara, ku sake turawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno yana mulki, yana rubutu kan magani, yana ƙarfafa noma da sana'a. Jikokin wannan gida ba su da uzurin ajiye alƙalami. Ku tashi, ku nemi abokan aiki tun yau, ku fara rubutawa kafin a rufe karɓar takardu!