Hali Zanen Dutse

Idan ɓarawon da aka yafe wa ya sake kwance akuyar maƙwabci, dattawan Matamaye sukan girgiza kai su ce, hali zanen dutse. Nufinsu, abin da mutum ya ginu a kai ba ya kankaruwa, komai yawan faɗa da lallashi.

Sai dai maganar tana da masu ja da ita a gida biyu. Malamin zaure zai ce kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkata shi. Rai kuma hawa-hawa ne: akwai mai umurni da mugun aiki, akwai mai zargin kansa, akwai wanda ya natsu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa hujja a cikin littafinsa Ihya'u cewa da hali ba ya sauyawa, da nasiha da horo sun zama aikin banza. Da ƙofar tuba ma ba ta da amfani.

Malamin falsafa a ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, ba ya ambaton Shaiɗan. Zai kawo Rousseau, wanda a littafinsa Emile na 1762 ya ga mutum nagari ne tun asali, cuɗanya ce ke ɓata shi. Zai kawo Hobbes, mai ganin tsoro da son kai ke jan mutum, sai hukuma ta yi masa linzami. A wurin wannan malami talauci da tarbiyya da doka su ke sassaƙa hali.

Malaman biyu sun rabu a kan wanda zai yi hisabi, Allah ko al'umma. Amma sun haɗu a kan cewa ana iya gyara ɗan Adam.

To, kakanni sun yi kuskure ke nan? A'a. Bakin da ya ce hali zanen dutse shi ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manoman Matamaye da Magarya da Mirriya shaida ne: tun bayan farin shekarun 1980 suke barin tohon gawo a gonakinsu suna kiwonsa, har ƙasar ta sake yin duhun itace. Abin da aka kula da shi yana ƙarami shi ke ƙarko.

Saboda haka a san wurin ajiye wannan karin magana. Mai ba da auren ɗiya ko amanar dukiya ya riƙe ta, ya bincika halin jiya kafin ya yarda da daɗin bakin yau. Amma uba kada ya yanke ƙauna daga ɗansa da ita, kuma kada mai laifi ya fake da ita ya ce haka Allah ya yi ni.