Ruwan Sama a Kan Rufin Ƙurɗuba

Idan aka ce wa Bahaushe "yaya ruwa?", amsarsa guda ce: ruwa ya yi gyara. Amma a kai shi Sifaniya, ya ware yini guda don ganin babban masallacin Ƙurɗuba, hadari ya haɗo tun da asuba, sai ka ji yana cewa ruwa ya ɓata masa yini. Wannan sauyin baki yana tona abin da ya je nema. Mai neman hoto lallai an yi masa ɓarna. Wanda kuwa ya fita da niyyar da Alƙur'ani ya sha nanatawa, ta yin tafiya a bayan ƙasa don duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, a ganina ranar ruwa ta fi masa riba.

Dalilina yana jikin ginin. Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara shi wajen shekarar 785, magadan mulkinsa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa zamanin Almansur a ƙarshen ƙarni na 10. Da rana, idon baƙo ba ya wuce bakan gizon nan masu ja da fari da aka ɗora wani bisa wani a kan ɗaruruwan ginshiƙai, sai ya ɗauka ado ne kawai. Alhali a bisansu magudanan ruwa ne kwance, tsakanin jerin rufi masu doro, suna kwashe ruwan sama zuwa waje. A tsakar gida kuma, ƙarƙashin itatuwan lemo, akwai rijiyar tara ruwan sama tun zamanin Almansur. Sifaniyawa har yau aljibe suke ce wa irinta, daga jubb ta Larabci, kalmar da aka kira rijiyar da aka jefa Annabi Yusuf a ciki. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san da damina ake gane gwanin magini, ranar da indararo ke zuba. Mai ziyarar ranar ruwa shi ke ganin ginin yana aikin da aka yi shi dominsa.

Daga nan wa'azin yake fitowa, kuma ya fi kukan "da namu ne" zurfi. A 1236 Sarki Fernando na Uku ya ci garin, aka mai da masallacin coci. A ƙarni na 16 aka fasa tsakiyarsa aka gina majami'a, kuma yau ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Wannan yana da ciwo, ba na ɓoyewa. Sai dai a 'yan kilomitoci daga nan akwai Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya fara wajen 936. Bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi a yaƙin basasar Musulmi da junansu, aka bar shi kango, mutane suna kwasar duwatsunsa. Fada ta faɗi saboda ba wanda ya rage yana gyara ta. Masallaci ya tsaya saboda kowace tsara, har da waɗanda suka ƙwace shi, ta samu mai hawa rufi ya share magudana. Ƙarfin daula bai kare ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wani zai ce wannan zancen mai wadata ne: mutum ya sha wahalar biza, ya tara kuɗin jirgi, watakila sau ɗaya ke nan a rayuwarsa, a ce masa ya yi murna da jiƙewa? Asararsa gaskiya ce. Amma ganuwar gari da gadar Rumawa da ke kan kogin garin suna nan, abin da ya rasa shi ne hasken da ya ƙudurta a ransa tun daga gida. Wani kuma zai ce ruwa ba kullum yake gyara ba, ga ambaliyar Balensiya ta Oktoban 2024 da ta ci rayuka sama da 200. Haka ne, kuma maginan Ƙurɗuba sun san da wannan, shi ya sa suka yi wa ruwa hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙi ruwa a kan mumbari, da ya yi yawa ya roƙi a karkatar da shi gefen gari. Shi ne kuma Anas ya ruwaito ya janye tufarsa don ruwan ya taɓa jikinsa, saboda sabon zuwa ne daga Ubangijinsa. A tsakar gidan masallacin Ƙurɗuba duwatsu sun haura shekara 1,000, ruwan da ke sauka a kansu kuwa ɗazu aka saukar da shi.