Aboki ko bafade? Tunani a kan littafin Raudul Jinan

An fi sanin Raudul Jinan, littafin da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya wallafa da Larabci, da labaran karamomin Shehu Usmanu ɗan Hodiyo. Amma mai karatun da ya natsu zai tarar da wani abu kuma, wato jerin mutanen da suka kewaye Shehu: dangi, almajirai, masu hidima da aminai irin su Umaru Alkammu. Shi kansa marubucin aminin Muhammadu Bello ne, wazirinsa, kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Ke nan amini ne ya rubuta tarihin aminai.

Sai dai littafin yabo ne, shi kuwa yabo ya fi ganin wanda ya bi bai waiwaya ba. Tambayar da ya bar wa mai karatu ita ce: ina biyayya ga aboki ta tsaya? In abokin tafiya ya kauce hanya, riƙon amana shi ne a bi shi, ko a ja masa burki?

Malaman Faransanci sun san amsar Montaigne a cikin babinsa na abota, wanda ya fito a 1580. Ya kare wani Barume da ya amsa cewa ko wuta amininsa ya umarce shi ya sa wa wuraren ibada zai sa, domin a ganin Montaigne amini na gaskiya ba zai taɓa umarni da ɓarna ba. Magana ce mai daɗin ji, amma ta ɗora komai bisa zaton cewa mutum ba ya sakewa, alhali mulki da dukiya suna sake mutum.

Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma babban mataimakinsa, ya ba da wata amsa a aikace. A 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga da yawa cikin mayaƙa sun karkata ga neman sarauta da ganima. Bai yi shiru don a zauna lafiya ba, bai kuma koma wajen abokan gaba ba. Ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano, ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da adalci, sa'an nan ya komo cikin jama'arsa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa Bello, zumunci ya yi sanyi tsakanin baffa da ɗa. Da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Abdullahi, Bello ya kawo masa gudummawa. An ruwaito cewa bayan nasara Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi.

A nan bafade da aboki suka rabu. Bafade yana riƙe da mutum muddin yana bisa kujera. Aboki yana riƙe da alkawarin da ya haɗa su, saboda haka yana iya yin fushi, ya faɗi gaskiya mai ɗaci, kuma a same shi ranar wuya. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Arewa ba ta yi zaman daɗi da Gwandu ba. Tun 1849 ta goyi bayan Kabi ta Yakubu Nabame. Duk da haka ɗan Matankari ko Dogon Dutsi ba zai rasa abin ɗauka a wannan tarihi ba. A ƙungiyoyin al'adu da na malamai, sau da yawa ranar binciken kuɗin asusu ake gwada abota. Wanda ya rufa wa amininsa asiri a kan dukiyar jama'a ya ci amana biyu, ta jama'a da ta aminin, don ya bar shi cikin abin da zai kunyata shi gobe.